Jakar Koren Kwando a Ƙofar Gwaggo

Jama'a, a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai waya ya kife ta. Yau zan gabatar muku da Shugabar Kwanar Layinmu ta dindindin, Ministar Ashana da Sabulu, Babbar Jami'ar Sanin Wanda Ya Wuce da Inda Za Shi, wadda ba a taɓa zaɓa ba kuma ba a taɓa tsigewa ba: Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda duk layi ke kira Akwai-Gobe.

Bakinta ne ya jawo mata sunan. Gwaggo ba ta iya cewa "babu" ba. Ka zo neman batir, in ya ƙare sai ta ce, "Akwai, gobe." Kuma goben za ka same shi, don da sassafe za ta fita ta nemo. Na taɓa tura wani abokina ya tambaye ta tayar jirgin sama. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ta gaba ko ta baya?"

Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gidanta. Ta buɗe shi bayan rasuwar mijinta, lokacin 'ya'yanta suna ƙanana. Yanzu duk sun yi aure sun yi nisa, shagon ne ɗan da ya zauna. Akwai kanta ta katako da gwiwar hannun mutane ta goge har tana sheƙi, da tsohon sikeli, da firji mai gurnani kamar dattijon da aka tasa daga barci. A waje kuma benci ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya, an tokare ta da guntun bulo. Kujerar Gwaggo ba ta kallon kaya, titi take kallo. In ka tambaye ta dalili sai ta ce kaya ba sa zuwa ko'ina, mutane ne ke wucewa.

Kuma ba mai wucewa a banza. Sai ta tambaye ka ƙafar mahaifiyarka, da haƙorin jaririnka, da ko an samo makullin nan da ya ɓata. Sayen ashana a wurin Gwaggo yana ɗaukar lokacin da wani zai yi aski. Kullum da la'asar kuwa Malama za ta zo, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, wadda rabin layin nan ya sha bulalarta, ni kuma na sha rabon mutum uku. Ta zauna a bencin, Gwaggo ta haɗa shayi, su yi ta musu a kan abin da ya faru tun kafin a haife ni.

Ni kuwa, in kuna son sani, ni ne kayan da aka ajiye wa Gwaggo a ɗakin baya bayan na yi sallama da karatu. Ba laifina ba ne, makarantar ce ta riga ni gajiya. Na gwada fenti, na gwada tuƙi, na gwada zaman banza, wannan na ƙarshen ma na fi daɗewa a kansa. Yanzu ina gyaran waya a kan tebur a lungun bayan layi, lungu mai kwata a tsakiya wanda a da kyanwa kaɗai ke bi, ita ma sai in ta makara.

Sai aka buɗe Koren Kwando a bakin babban titi.

Irin kantunan nan ne masu reshe a kowane gari, gilashi daga sama har ƙasa, ƙofa tana buɗe kanta kamar ta san ka. Kuma ba kayan kowa da kowa suke sayarwa ba. Akwai cuku mai wari da aka ce warin ne tsadar, da gishiri mai launi da aka haƙo daga wani dutse, da zuma iri-iri har da sunan furen da ƙudan ya ziyarta, da madarar da ba a taɓa ganin saniyarta ba. Mutanen layinmu suka fara zuwa kallo. Mai zuwa kallo kuwa ba ya fitowa hannu banza, kuma wanda ya shiga sayen zuma zai ga sukari a gefe, ya ce to tunda na zo. Ba a daɗe ba mai kayan marmari na tsallake ya naɗe rumfarsa. Mai burodi ya koma sayar da katin waya.

Duk wannan Gwaggo ta gani, ta rage sarin kaya. Abin da ba ta gane ba shi ne titin. Titin gaban shagonta ya yi shiru kamar an share shi. Tela da ke wucewa sau da yawa a rana ya ɓace. Matar Direba ta ɓace. Daga baya Malama ma ta fara tsallake la'asar, yau ta zo, gobe ta aiko cewa kai na ciwo, har ta daina aikowa. Gwaggo ta ci gaba da haɗa shayi kofi biyu. Ɗaya ya huce a kan kanta, ni nake shanye shi in na dawo.

Ni kuwa a lungu kasuwa ta buɗe min. Faɗuwar wani tashin wani. Duk mutanen layi suka koma bin lungun kwata, suna tattare riga, kowa da koriyar jakar takarda mai hoton kwando, jakar da ake hangowa daga nesa kamar tutar jirgin ruwa. Kunya ce. Ba mai iya wucewa ta gaban matar da ta san haƙorin jaririnsa yana riƙe da sukarin wani. Tela ma har ɓoye tasa yake a cikin buhun yadi. In sun gan ni sai su ce, "Ɗan Gwaggo, kar ka faɗa." Wasu har su ba ni gyaran wayar da lafiyarta ƙalau.

Wata rana da hantsi na shigo cin abinci na tarar Gwaggo tana goge sikelin da ba a aza masa komai ba tun safe. Ba ta dube ni ba ta ce, "Sarkin Yawo, kai da kake jin maganar gari. Me na yi wa mutane?"

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Na yi ta tunani. Ko maganar nan da na faɗa wa Malama ce a kan surukarta. Gaskiya ce, amma ba kowace gaskiya ake faɗa da shayi ba." Ta ajiye tsumman. "In ciniki ne, ciniki na Allah ne. Amma gaisuwa fa? Gaisuwa ma a can ake sayar da ita?"

Muryarta ta yi wani iri a ƙarshen. Ni mutum ne mai iya riƙe sirri matuƙar ba wanda ya yi irin wannan muryar a gabana. Na faɗa mata komai, lungun, jakunkunan, buhun Tela. Na gaya mata abin da na ji game da Malama: likita ya hana maigidanta sukari da farar shinkafa, abin da aka yarda ya ci kuwa sai a Kwando ake samu.

Na zaci Gwaggo kuka za ta yi, har na fara neman hanyar fita.

"Malama ke bin kwata? Da gwiwar nan tata?"

"Tana dafa bango."

Ta tashi ta shige ciki. Da ta fito sanye take da kayan da take zuwa asibiti da su, masu ƙamshin akwati. Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Wuce mu je Kwando. Kai za ka tura min keken zuba kayan nan nasu."

A bakin ƙofar gilashin ta tsaya. Ƙofar ta buɗe, Gwaggo ta ce mata, "Sannu da aiki." Sanyi ya buge mu. Ta dubi fitilu, ta dubi ƙasa, ta ce, "Tsabta dai akwai. Kar a ci amanar gaskiya." Ta ɗaga kwalbar gishirin nan mai launi ta juya ta, ta tambayi yarinyar da ke jera kaya ko shi ma a miya ake sa shi ko a falo ake ajiyewa. Yarinyar ta yi dariya. Kafin mu bar wurin Gwaggo ta san cewa ƙafafun yarinyar na ciwo saboda tsayuwa, ta kuma gaya mata ta riƙa jiƙa su a ruwan ɗumi.

Sai kallo ya koma sama. Rabin layinmu yana ciki. Matar Direba ta hango mu ta juya kekenta da ƙarfi har ta kusa ture tulin gwangwani. Tela, mutum mai jikoki, ya durƙusa bayan firjin kifi yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya.

"Tela!" Gwaggo ta ɗaga murya. "In ka gama da takalmin, ya ƙafar Iya?"

Ya miƙe a hankali. "Da sauƙi, Gwaggo. Wallahi wucewa nake yi."

"Ni ma haka."

Malama tana can ƙurya wajen kayan masu ciwon sukari, ta kai wani kwali dab da hanci tana karantawa. Da ta gan mu sai kwalin ya koma bayanta, kamar yadda mu muke yi da takardar satar amsa a ajinta. Allah Ya nuna min wannan ranar.

"'Yar'uwa," in ji Malama, "ni fa..."

"Ba ni in gani." Gwaggo ta miƙa hannu. Ta karɓi kwalin ta duba. "Wannan yake ci?"

"Shi kaɗai yake zama masa."

"Yana ci da yawa?"

"Yana ƙorafi, amma yana ci."

"To alhamdu lillahi. Shi ne kika bar ni ina zargin bakina? Mutum yana ciwo a gidanki ban sani ba, ni da ke sanin wanda ya yi atishawa a layin nan?"

Malama ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi. "Na rasa da wane ido zan wuce ki da jakar nan."

"Da wannan dai, mai ganin kwata." Gwaggo ta jefa kwalin a kekena. "Ba na sayar da wannan. Da kin tambaye ni ma da na ce miki akwai gobe, goben kuma ba za ta zo ba. Ki saya inda yake. Amma ki bi ta ƙofata."

A wajen biya Gwaggo ta sayi abu ɗaya tak, ƙaramar kwalbar zuma, ta ce ta maƙogwaronta ce. Mai karɓar kuɗi ta ɗauko ƙaramar jaka. Gwaggo ta ce a'a, babbar take so, wadda ta fi kowace girma. Aka saka kwalbar a ciki tana yawo kamar ɗan tsako a ɗaki.

Haka muka dawo ta tsakiyar titi, ba ta gefe ba. Gwaggo a gaba da koriyar jaka tana lilo da ita, Malama a gefenta ta riƙe mata hannu, ni a baya da kayan Malama kamar jakin fatake. Mutane suna leƙowa ta taga. Da muka iso ta buɗe shago, ta ciro zumar, ta rataye jakar a ƙusar bakin ƙofa inda kowa zai gani. Sannan ta ɗora ruwan shayi.

Zumunta a ƙafa take, in ji masu magana, amma ƙafar ma sai an nuna mata hanya. Tela ne ya fara wucewa washegari, jakarsa a fili, yana tafe kamar mai tsallaka gada. Gwaggo ta tsare shi ta sa ya buɗe ta ga abin da ya sayo, ta shinshina cukun ta ce Allah Ya ba shi lafiya. Daga nan aka dawo. Yanzu masu fitowa daga Kwando a bencinta suke hutawa, kuma in hira ta yi tsawo sai ta karɓi kayan sanyinsu ta saka musu a firji kar su narke. Wato firjin Gwaggo, da wutar Gwaggo, yana yi wa abokin gaba gadi. Na nuna mata wannan, ta ce firjin dama ya gaji da zaman kaɗaici.

Kar in yi muku ƙarya, cinikin bai dawo ba. Saman kanta duk fili ne yanzu, ta jera kwalayen da babu komai a ciki don kar ya yi kama da bakin tsoho. Ana sayen ashana, da ƙwai, da abin da aka manta. 'Ya'yanta suna ta waya ta rufe ta koma wurinsu, tana ce musu gobe. Jakar ƙusa rana ta cinye korenta. Ni kuma lungu ya koma hannun kyanwa, kasuwata ta mutu a dalilin bakina, ba kuma wanda ya rataya min komai.

Jiya da la'asar na tsaya a ƙofar shagon, na gyara murya, na karanta mata duk wannan tun daga Ministar Ashana. Malama na kan benci tana gyara min kuskure da baki. Da na kai ƙarshe na buɗe hannu na ce, "Gwaggo, kin shiga tarihi. Me za ki ce wa al'umma?"

Ta kurɓi shayi, ta karkata kai tana leƙen bayana.

"Matsa. Ka tare min titi."