Gam a Jikin Kunkuru

Shekara talatin da ɗaya Fosuhene ya yi yana gyaran tafireta a wani lungu na Adum, cikin Kumasi, bai yi aboki ko ɗaya ba. Hannu dai Allah ya ba shi. Ƙusar da wani sai ya sa tabarau zai gani, shi da farce yake ɗaukarta. Amma baki, wa'iyazubillahi. Ka kai masa gyara ya gyara maka, ya haɗa maka da zagi kyauta.

Da kwamfuta ta kashe masa kasuwa, sai ya rantse ba zai mutu ba sai ya sa ta bauta. Haka ya faɗa ƙungiyar masu haɗa mutum-mutumi da 'yan bulon roba na wasan yara, waɗanda ke taruwa duk Asabar a zauren wata majami'a a Bantama. Manya ne duka: malaman makaranta, wani mai kemis, direbobi biyu. Bulon na ƙungiya ne. Ka ɗebi rabonka ka kai gida ka haɗa, ka rubuta wa abin umarni a kwamfuta, ya bi baƙin layin da aka zana a kan farin tebur. Dokarsu biyu ce tak. Ba a sa gam. Kuma da an gama gasa, kowa zai wargaza nasa a mayar da bulo cikin akwati.

Shugabarsu, Madam Akyaa, tsohuwar malamar lissafi ce, ita ma ba kanwar lasa ba ce. Tun ranar da Fosuhene ya ɗaga abin da ta haɗa ya ce, "Wannan da ƙafa kika yi shi?" suka sa ƙafar wando ɗaya. Sau huɗu yana cin gasar shekara-shekara, sau huɗu tana miƙa masa kofi tana kallon rufi.

A bana hannun ya fara rawa. Da farko cokali ne ke ƙara a kofin shayi, daga baya ya zamana in ya danna bulo ɗaya, biyu sun ɓalle. Bai gaya wa kowa ba, har 'yarsa da ke Tema. Ya daina cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, tare da su bayan taro, aka ce girman kai ne, ya bar su a haka. Tsoro ne ya kama shi. Duk abin da ya tara a duniya shi ne a ce "hannun Fosuhene", in wannan ya tafi me ya rage? Sai ya sayi gam. Kwana tara yana ɗiga shi da tsinken sakace, bulo bayan bulo, har ya gama nasa, ya sa masa suna Kunkuru. Dabararsa ita ce in an shiga hayaniyar wargazawa ya zura shi cikin jaka, ya zuba wasu bulon da ya sayo a kasuwar Kejetia a madadinsa.

Ranar gasa Kunkuru ya bi layi, ya sha kwana, ya wuce na kowa. Sai dai a ƙarshen tebur bai tsaya ba, ya zarce ya faɗo kan siminti, tim! Kowa ya runtse ido, don an san abin da ke biyo baya: rarrafe ƙarƙashin benci ana tsintar bulo. Aka buɗe ido. Ga Kunkuru kwance rigingine, tayoyi na juyawa, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba.

Madam Akyaa ta riga Fosuhene kai hannu. Ta ja, ta murɗa, sannan ta kai hanci.

"Kawu, mene ne wannan nake ji? Gam?"

"Hancinki ne, ki tambaye shi."

Boadu direba ya buga benci. "Ashe! Ashe sau huɗun nan da gam tsohon nan yake cinye mu!"

Wannan ta fi komai yi masa zafi, don waɗancan huɗun da guminsa ya ci su. Ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya ga inda Akyaa ke kallo. Aljihunsa take kallo, inda ya cusa hannuwa, yadin wandon yana motsi.

Ta ɗauko bulo biyu daga akwati ta ajiye a gabansa. Muryarta ta sauka, abin da bai taɓa ji ba.

"Haɗa mana waɗannan, Kawu. In kuma akwai wani dalili, faɗa mana. Ba wanda zai kore ka a kan abin da ba laifinka ba."

Tausayi ne a idonta. Da ta tofa masa yawu da ya fi masa. Ya dubi bulon nan biyu, ja da shuɗi, abin da jariri zai haɗa yana dariya. Ya dubi mutanen, duk suna jiransa.

"Boadu ya yi gaskiya," ya ce. "Duka huɗun da gam na ci ku. Shekara huɗu ba wanda ya gane, taron wawaye."

Zaure ya ɗauka. Mai kemis ya ce a dawo da kofuna, Boadu ya ce a share sunansa daga allon zakarun gasa. Fosuhene ko waiwayar Kunkuru bai yi ba. Ya ratsa su ya nufi waje, hannuwansa na aljihu. Ƙofar ma da kafaɗa ya tura ta.