Yadda Na Ci Amanar Baffana Saboda Fim

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Yalwawa, cikin Dutse. Saurayi ne ni mai surutu, mai ganin ya fi kowa basira. Ina yawan kallon finafinan waje da ake nuna halittun wata duniya suna saukowa, kuma kullum ina mamakin yadda ba sa taɓa sauka sai a manyan biranen Turawa. Sai na rubuta nawa na barkwanci: baƙi uku daga sama sun ɓata hanya sun faɗo Jigawa, suka ɗanɗani miyar kuka, suka rantse ba za su koma ba sai da buhun daddawa. Abokaina uku suka yarda su fito a baƙin, ni kuma in ɗauka da wayata.

Jirgin baƙin na farko da kwali muka haɗa shi, muka shafa masa fenti ruwan azurfa, muka ɗora tsohon faifan setilayit a kansa. Ranar da muka kai shi gindin duwatsu aka yi ruwan farko na damina, kafin mu ankara ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Muka ƙera wani da langalanga. Mun yi sati biyu muna ɗauka sai wayata ta faɗa bokitin wanki, komai ya tafi. Muka koma farko da wayar aro. Daga nan kuma 'yan sintirin unguwa suka gan mu sanye da buhunan taki da hular kwano muna tsalle a kan dutse, suka fatattake mu, suka ce kada su ƙara ganinmu a wajen. Abokan suka fara sarewa, ni kuwa na ƙudure cewa ko ta halin ƙaƙa sai na gama.

Da muka rasa wurin ɗauka na tafi wajen Baffana, yayan mahaifina, a wani ƙauye kusa da Miga. Dattijo ne mai kamun kai, manomi, kuma shi ke jan sallah a masallacin ƙauyen idan liman ba ya nan. Bai fahimci abin da nake bayani ba, amma ya ce tunda ɗan ƙaninsa ne ke wani aiki na ilimi, ga gonarsa nan mu shiga. An riga an yanke dawa, saura kara a tsaye. Duk Asabar da muka zo sai ya sa a kawo mana fura, ya koma gida ya bar mu, don haka bai taɓa ganinmu cikin kayan wasan ba.

Fitowa ɗaya ce ta gagare mu, inda manomi zai fara ganin baƙin ya firgita. Wanda muka ba aikin manomin, da zarar ya ga hular kwano sai ya fashe da dariya. Mun gwada ya fi a ƙirga. A nan ne shaiɗan ya raya mini wata dabara. Na san Baffa kan je gonar da hantsi ya ɗebo wa tumakinsa harawa. Muka zo ranar Talata ba da saninsa ba, abokaina suka laɓe cikin kara, ni na hau bishiyar maina da wayar. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini wannan bai dace ba, na ce masa ai wasa ne, kuma Baffana ne ba na kowa ba.

Da suka fito masa suna wata irin ƙara, Baffa ya yar da harawar, ya kama salati da ƙarfi, ya juya da gudu. Ƙafarsa ta harɗe da kututturen dawa ya faɗi, hularsa ta yi gefe, ya ci gaba da rarrafe yana addu'a. Da suka cire hulunan, ni ma na sauko, ya gane mu, sai ya zauna a ƙasa yana haki, gwiwarsa na jini. Ya yi wani guntun murmushi na kunya. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada in nuna wa kowa. Na ce masa wallahi zan goge.

Ban goge ba. Da na zauna haɗa fim ɗin na ga babu inda ya kai wurin nan kyau, na tuna wahalar wata biyar, na ce wa kaina ai 'yan ƙauye ba za su gani ba. Na saka shi, na ɗora fim ɗin a intanet. Cikin kwana kaɗan aka yanke wannan wurin kaɗai, ya shiga wayoyi, ya kai har kasuwar Miga. Ni ina Dutse ana yaba mini, shi kuwa matasa na kwaikwayon rarrafensa a bayan idonsa. Wata rana ya tada sallah, wani a sahun baya ya kasa riƙe dariya. Daga ranar bai ƙara shiga gaba ba, ya kuma daina zuwa kasuwa.

Mahaifina ne ya gaya mini, bai ɗaga murya ba, ya ce in tashi in tafi. Na tarar da Baffa a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce an nuna masa, ya kalla har ƙarshe. Ya ce faɗuwa ba komai ba ce, tsoro ma kowa na yinsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne lokacin da yake ƙasa yana kiran sunan Allah, akwai muryar wani a kusa da wayar yana ƙyaƙyata dariya, kuma ya gane muryar. Na sunkuyar da kai ina hawaye. Ya ce ya yafe mini, ya sa aka kawo mini abinci, na kasa ci.

Na cire wurin, muka sake ɗauka, ni da kaina na fito a manomin, na faɗi na yi rarrafe. Haka fim ɗin ya kammala. Amma wancan yankin yana nan a wayoyin mutane, ba ni da ikon janyo shi. Baffa ya koma kasuwa daga baya, limanci kuwa har yau bai koma ba.

Na daɗe ina alfahari da cewa ba na karaya, kuma ban ce juriya laifi ba ce. Sai dai tawa ta kai inda na daina ganin mutane, sai fim ɗin kawai nake gani. 'Yan'uwana matasa masu ɗaukar hoto da waya, ku yi ta fama da ruwan sama da lalacewar waya, wannan wahalarku ce, ku kuka zaɓe ta. Amma idan gama aikinku sai an taɓa mutuncin wanda ya amince da ku, ku haƙura ku ajiye wayar. Fim ɗina na minti ashirin ne kacal, Baffana kuwa ya kusa shekara saba'in yana tara girman da na zubar masa.