Takardar Likita a Wuya

Duk Juma'a, in kasuwar Wudil ta cika, wata mata tana nan gindin tsamiyar da motocin Kano ke tsayawa. Doguwa ce siririya, kaushin ƙafarta na nuna daga nesa take takowa, wataƙila Achika. Tana goye da yarinyar da ta isa tallan fura, wadda ƙashin bayanta ya lanƙwashe. Takan cusa tsumma ƙarƙashin majanyi don kada ya danne doron.

A wuyan yarinyar akwai laya mai faɗi. Yau Malam Isyaku mai rubuta wasiƙa ya tambayi uwar wane malami ya bayar.

"Takardar likitan birni ce, Baba. Ya ce a adana ta sai ranar aiki, shi ne ubanta ya kai wa baduku ya ɗinke."

"Wace rana aka rubuta a ciki?"

"Ai suna sane da mu. Za su aiko direba ya kira mu."

"Tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan."

Malam ya ɗauko wuƙar fiƙe alƙalami. "Kawo in farke, 'yata, mu gani."

Ta dafe layar da tafin hannu. "A'a, Baba. Cewa likitan ya yi kada ta lalace."