Amaryar Malam Bawa

Duk wanda ya zauna zauren Malam Bawa a unguwar Badariya ya san ba a taɓa Amarya da hannun da ya ci ƙosai. Amarya ita ce 'yar kwamfutar da ya dawo da ita daga karatu a Turai, tun muna jihar Sakkwato. Allon maɓallai ce kawai, sai an jona ta da talabijin, kuma kullum tana lulluɓe da tsohon mayafin matarsa. Mu 'yan kaɗan, malaman makaranta da akawu, muke taruwa duk Asabar bayan la'asar muna koyon rubuta mata umarni.

Amma kafin ka kai ga Amarya sai ka bi ta kan Malam. Ka rubuta umarninka da alli a bango, shi kuma ya miƙe ya ce, "Ni na injin." Abin da ka rubuta shi zai aikata, ba ƙari ba ragi. Wata rana na rubuta a yi ta ƙirga, na manta ban sa inda za a tsaya ba. Bawan Allah ya kama zagaye zaure yana ɗaya, biyu, uku, har aka kira magariba.

"Malam, an kira salla!"

"Kai ka hana ni! Ba ka rubuta man wurin tsayawa ba."

Da gudu na gyara, ya tsaya cak, ya ɗauki buta. Kai, Malam!

Ga tsumulmula. A kaset ake adana aiki a lokacin, shi kuwa ya rantse ba zai sayi sabo ba, sai dai ya naɗa a kan tsofaffin kaset ɗin waƙar biki. Sani, wani akawu da ke zuwa mana daga Argungu, ya ari ɗaya don ya sha kiɗa, ya miƙa wa direba a hanya. Sai ƙara, ƙiiii, kamar ana yanka kwano. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji: "A'uzubillahi! Direba, tsaya in sabka, motarga da mutanen ɓoye!" Da labari ya iso, Malam bai ko murmusa ba. Ya ce, "Aikin wata guda munka ba su kyauta, ko godiya babu."

Wata damina aka yi tsawa mai tsanani, daga nan Amarya ba ta ƙara fitowa ba. In mun tambaya sai ya ce, "Ba ku kai ba tukuna, ku koma ga alli." Ran nan ya fita alwala, Sani ya ɗaga mayafi. Bayanta ya narke, har lokacin tana warin ƙuna. Muka dubi juna, muka mayar da lulluɓi. Haka muka ci gaba, mu rubuta a bango, shi ya zama inji, har aka yanke shinkafa a fadama.

Sani ne bakinsa ya gaji. Ya ce, "Malam, mu fa mun sani."

"Kunka san mi?"

"Amarya ta rasu."

"Tun yaushe kunka gane?"

"Tun damina."

Malam ya zauna a kan tabarma. Can ya ce, a hankali, "Na aza don ita kuka zakkuwa. Na ce in kun ji, wa za ya taka zauren tsoho?" Wallahi sai da idona ya cika. Shi ma ya goge nasa da hannun riga, sannan ya daka mana tsawa: "To mi kuka kallo? Ba a zaman makoki da alli a hannu!"

Asabar ba ta ƙara wuce mu ba har ya kwanta ciwon ajali. Yau jikokinmu na yawo da kwamfuta a aljihu, ni kuwa ban sake samun injin da ke jin daɗin ganina ba.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya haskaka kabarinsa. Ya sha zagaye saboda mu. Allah ya sa Aljanna ce wurin tsayawarsa.