Kwalbar da Ba Ta Fita Daga Shago

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran dattijon nan mai maganin ƙarin jini, wanda kowa a unguwa ke kira Baba Mai Cokali. Ina kan tsani ina shafa fenti a bangon wani gida aka kira ni a waya aka faɗa mini. Na sauko, na wanke buroshi don kada ya bushe, na sake riga, na tafi. Bayan azahar aka yi masa sutura. Ya bar matarsa, Inna, da 'ya'ya maza biyu da ke aiki a wasu garuruwa, da jikoki.

Sana'ata fenti ce, karatuna bai yi nisa ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, ba zan ƙara ba, domin Baba ba ya son ƙari.

Shagonsa ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin gidansa, a can ƙarshen titin da ya hau tudu. Akwai benci biyu. Na maza yana waje, ƙarƙashin rumfar kwano. Na mata yana ciki, kusa da ƙofar da ke shiga gida, inda Inna ke zama da faranti tana cire ƙwallon dabino. A kan kanta akwai manyan kwalabe uku: ɗaya ta ƙarancin jini, ɗaya ta kasala da rashin ƙarfi, ta ukun kuma ta abin da Baba ke kira gajiyar zuciya, wato mutum ya wayi gari ba inda ke masa ciwo amma duniya ta yi masa nauyi. A gefe akwai kofi cike da ruwan zafi, cokulan ƙarfe na tsaye a ciki.

Maganin irin na mutanen da ne. Ana wanke ƙusoshi a jiƙa su a ruwan lemun tsami har ruwan ya yi duhu, a tace, a haɗa da dabino da zuma da ɓawon wani itace, Inna ta dafa a tukunya. Ɗanɗanonsa kamar ka lashi tsohuwar ƙofar ƙarfe. Wanda ya daɗe yana sha, haƙoransa kan yi duhu, har a kasuwa kana iya gane mutanen Baba idan sun yi dariya.

Baba yana da doka guda, kuma a kanta ya yi suna, a kanta ya yi abokan faɗa. Ba ya sayar da kwalba. Cokali ɗaya ne da safe, a gabansa, kuma mai ciwo shi zai zo da ƙafarsa. In ka sha, sai ka zauna a benci har ɗacin ya bar bakinka, sannan ka tafi. Wanda da gaske ba ya iya tashi, Baba ya ce wannan na asibiti ne, a kai shi tun da wuri.

Ni ta dalilin matata na san shi. Bara ta yi ɓari, cikin ya riga ya girma, ta zubar da jini da yawa. A asibiti suka ƙara mata jini, suka sallame mu da ƙwayoyi. Muka dawo gida ta kwanta, ta juya fuska ga bango. Ba ta kuka, ba ta magana. In ka tambaye ta ina ke ciwo, sai ta ce, "Na gaji." Abinci sai ta taɓa ta ture. Ƙwayoyin suna nan a kan taga yadda na ajiye su. Mahaifiyarta ta zo, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta koma. Ni kuwa aikina duba launi ne, kullum da safe ina kallon tafin hannunta, yana ƙara komawa kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa shafa ɗaya. Da muka koma asibiti, likita ya ce muddin ba ta ci ba ta shan magani, za a sake kwantar da ita, kuma shi ba zai yi mini alkawarin komai ba. Na gane ina rasa ta, tana kwance a gabana.

Na hau tudu na sami Baba yana goge cokali.

"Baba, kwalba ɗaya nake so, ta ƙarin jini. Mai ɗakina ce ba lafiya."

Bai ɗago kai ba. "Ƙafafunta fa? An yanke?"

"A'a, Baba."

"To ta zo."

"Ai ba ta iya tashi."

"Banɗaki kai kake zuwa mata?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Wani tsohon direba da ba ya fashin zuwa ya ce, "Samari, ka haƙura. Ni da gashina ya yi fari a kan bencin nan, ko murfin kwalbar bai taɓa bari na taɓa ba."

Na juya zan tafi raina a ɓace, sai ya kira ni. "Mai fenti! Kada ka ce mata magani. Ka ce Inna na neman mai taya ta cire ƙwallon dabino, idonta ya yi rauni."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, idon Inna ya yi rauni.

Na isar da saƙo. Matata ba ta juyo daga bango ba. Na sake faɗa washegari, na sake faɗa, ban matsa ba. Wata safiya na fito daga wanka na same ta zaune a bakin gado tana neman takalminta da ƙafa. Tafiyar da yaro ke yi a guje idan an aike shi, mu sai da rana ta ɗaga muka gama ta. Ta huta a bakin shagon tela, ta huta a gindin sandar wutar lantarki, ta zauna a kan wani bulo a tsakiyar tudu har na ɗauka komawa za mu yi.

Baba bai yi mata sannu ba. Ya ce ta ja fatar idonta ƙasa, ya duba. Ya ce ta miƙo hannu, ya dubi farce. Sannan ya juyo gare ni.

"Ina maganin asibiti?"

Na ciro daga aljihu. Ya ɗaga ƙwayar ya ce mata, "'Yata, wannan shi ne babba, nawa ƙaninsa ne. Babba ke shiga gaba." Ta haɗiye. Ya cika cokali ya miƙa mata. Ta sha, ta yatsine fuska, ta rufe ido, ta ce, "Wannan ai guba ce!"

Tun da muka baro asibiti ban ji ta faɗi magana mai rai irin wannan ba.

"Madalla," in ji Baba. "Bakin na aiki. Gobe ki zo ki ƙara zagina."

Inna ta matsa mata wuri, ta ɗora mata faranti a cinya.

Daga nan ba wani abin mamaki da ya faru. Tana zuwa, wata rana ta fasa, kashegari ta zo Baba ya yi mata faɗa. Wuraren hutu suka yi ta raguwa. Aka daina zama a kan bulo, aka daina tsayawa a shagon tela sai don gaisuwa. Ta fara dawowa da yunwa. Launin tafin hannunta ya fara dawowa daga gefe-gefe, yadda shafa ta biyu ke rufe ta farko. Wata rana ta ce in tafi aikina, ta san hanya. Daga baya na ji cewa Inna ma ta binne jarirai kafin ta sami waɗanda suka rayu. Abin da suke faɗa wa juna a kan farantin nan ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Baba, ban zo in ce maganinka ne ya warkar da ita ba. Na tambayi ma'aikaciyar asibiti, ta ce ƙwayar kaɗai ta isa ƙara jini, kuma na yarda da ita. Sai dai ƙwayar ta daɗe a kan taga ba ta ƙara wa kowa komai ba. Kai ne ka sa aka hau tudu aka haɗiye ta.

Akwai ranar da na zo na yi wa shagon fenti. Ina kan tsani na ga Inna ta fito da tukunya ɗaya, ta sa mazurari, ta cika kwalaben nan uku daga cikinta. Da ta shiga gida na ce, "Baba, ashe duk abu ɗaya ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka taɓa ji na ce daban ne? Mutum yana so a kira ciwonsa da sunansa. In ka ce wa direban can jini ne ya yi masa kaɗan, faɗa za ku yi. Shi zuciya ce ta gaji, tun da matarsa ta rasu. Shafa fentinka."

Ba kowa yake ba cokali ba. Na ga ranar da wani ɗan dako ya zo ƙafafunsa a kumbure, idonsa ya yi rawaya. Baba ya duba ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin cokalina," ya sa aka tsayar da abin hawa aka kai shi asibiti, mutumin yana ta mita. Kuma ba kowa ya warke a bencin nan ba. Akwai waɗanda muka raka maƙabarta da duhun maganin a haƙoransu.

Yana da faɗa, yana da taurin kai. 'Ya'yansa sun so a zuba maganin a ƙananan kwalabe, a manna takarda, a kai shaguna. Ya ce in sun ga dama su sayar da ƙusoshin ma. Akwai mutanen da dokarsa ta kora, ba su sake dawowa ba, kuma ban san yadda suka ƙare ba. Shi ma ya san da haka, bai sauya ba.

Ganina na ƙarshe da shi a shago, hannunsa na rawa, maganin na zuba a rigarsa, Inna ta riƙe masa tsintsiyar hannu har cokalin ya kai bakin mai sha. Da mutane suka ragu ya ja fatar idonsa ƙasa ya ce, "Mai fenti, wane launi ka gani?"

Na ce, "Ya yi fari, Baba."

"Na sani. So nake in ga ko za ka yi mini ƙarya."

A makon aka kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba.

Yanzu matata na ɗauke da juna biyu. Da muka dawo daga gidan rasuwa ta kwanta, ta juya fuska ga bango, wannan bangon dai. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta. Washegari haka, kashegarinsa haka. Ƙwayoyin awon ciki suka koma kan taga. Na san hanyar nan, na san inda take zuwa, kuma wanda ya tare ta a wancan karo yana ƙarƙashin ƙasa.

Da masu gaisuwa suka fara raguwa, matar tela ta leƙo gidanmu ta ce Inna ta daina cin abinci. Tana ɗaki a kwance, ba ta kuka, ba ta magana, in an tambaye ta sai ta ce ta gaji. Matata tana ji daga kan gado, ba ta motsa ba.

Da safe na same ta tana neman takalminta da ƙafa.

"Ina za ki?"

"Tudu."

Ta ɗauki ƙwayoyin daga kan taga ta ƙulle a bakin mayafi. Na bi ta a baya.

Shagon a buɗe yake, babban ɗan Baba yana ciki da kwando a hannu yana duba abin da za a kwashe. Tsohon direba na zaune a bencin waje shi kaɗai, kamar wanda bai ji labari ba. Matata ta gaida su, ta haɗiye ƙwayarta, ta nemi ruwan zafi ta wanke cokali. Ɗan Baba ya gane nufinta, ya ce, "Ki shiga wa Inna da kwalbar ciki mana, ai ba ta iya tashi."

"Yaya, kwalba ba ta fita daga shago."

Ta tsaya a ƙofar da ke shiga gida ta ɗaga murya. "Inna! Ga dabino ya taru, ni kuma cikin nan ba ya barina in sunkuya. Ki zo ki taya ni."

Ba wanda ya fito. Ta zauna a bencin mata, ta ɗora faranti a cinya, ta fara cirewa ita kaɗai. Muka jira. Ɗan Baba ya fita ya dawo. Direba ya yi tari. Can sai muka ji jan ƙafa, sai ga hannu a jikin bango, sai ga Inna. Ta zauna tana haki. Matata ta cika cokali daga kwalba ta uku ta miƙa mata.

Inna ta sha, ta yatsine fuska, ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Sannan ta ce, "Shekara da shekaru ina dafa abin nan. Ashe haka muke ba bayin Allah?"

Direba ya yi dariya har da hawaye. Matata ta ce, "Gobe ki fito ki ƙara zaginsa, Inna."

Ɗan Baba ya mayar da kwandon da ya ɗauko. Ban san ko za su rufe shagon ba, ba su faɗa ba tukuna. Abin da na sani, tun daga ranar matata na hawa tudu kullum da safe, Inna kuma na fitowa.

Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka faɗanka da namu. Ya sa kowace ƙafa da ta tako tudun nan saboda kai ta zama nauyi a mizaninka. Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai abin da ba shi da ɗaci. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yansa da jikokinsa, da duk mutanen benci, na ciki da na waje. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya ba marasa ƙarfinmu ƙafar tashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.