Labo, Muryarka Ba Ta Bi Ka Kushewa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, Allah ya karɓi ran Labo Rabi'u a hanyar Illela zuwa Ƙonni, bayan babur ɗinsa ya yi karo da wata babbar mota.

Labo, kai ne ka ɗauki waya ɗaya mai tsagaggen gilashi ka bi sawun mawaƙan hip-hop na ƙasarmu, waɗanda duniya ta manta. Ni ma cikinsu nake. Ka same ni ina sana'ar facin taya a Malbaza, ka zauna bisa taya ka rera mini baitin da ni kaina na manta, har na ji kunyar hawayena. Kana da naci kamar ƙuda, na sha gaya maka, amma ba ka taɓa wulaƙanta kowa a bidiyonka ba.

Hali ɗaya naka ne ya hana mu barci yanzu. Kullum kakan loda bidiyo tun da wuri, ka sa musu lokaci, su riƙa fita da kansu kowace Juma'a bayan masallaci. Juma'ar da ta wuce muna zaman makoki wayoyi suka yi ƙara, sai ga muryarka tana yi mana sallama. Mahaifiyarka ta tashi ta shige ɗaki.

Akwai wata baiwar Allah a Illela, ba zan faɗi sunanta ba. Tana budurwa ta yi waƙa tare da mu, fuska a rufe. Yau matar aure ce, dangin mijinta ba su sani ba, kuma ba masu yafe irin wannan ba ne. Ta ba ka labarinta, ka loda bidiyon yana jiran Juma'arsa, daga baya tsoro ya kama ta. Wajenta ka je ranar nan. Ta ce mini ka ce, “Kwantar da hankalinki yaya, ina isa Ƙonni in hidda shi daga shafin.”

Ba ka isa ba. Wayar ta ragargaje, lambar sirrin shafinka kuwa ba wanda ka gaya wa. Ba mu san bidiyon wa ke biye ba, tsoro nake ji ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya karɓi niyyar da ka taso da ita. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Inna Ummusalma da ƙanenka Alhasan, Allah ya ba su haƙuri. Ita kuma, Allah ya rufa mata asiri kafin Juma'a.