Rijiyar da Kawu Ilu ya rubuta

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ina aji biyar a firamare a Kazaure. An tashe mu hutun tara, muka zagaya bayan aji gindin darbejiya mu shida, na zaro wani littafi daga cikin zanena. Littafin rubutu ne irin namu na makaranta, bangonsa ya sha maiƙon keken ɗinki. Ranar ko carafke ba mu taɓa ba. Na karanta musu labarin wata rijiya da ke bayan duwatsu, wadda take kiran sunan mutum da rana tsaka, wanda duk ya amsa sai ya yi ta ramewa har ya ƙare. Yarinyar da ta amsa a labarin tana da wushirya. Ina kaiwa nan duk muka juya muka dubi Talatu, ƙawata, don ita kaɗai ce mai wushirya a cikinmu. Ta yi dariya, amma ba ta ƙarasa cin gyaɗarta ba.

Mai littafin Kawu Ilu ne, ƙanin mahaifiyata, tela, wanda kekensa ke zauren gidanmu. Ya yi zaman Kano, can ya saba da ƙananan littattafan nan masu hotunan 'yan fashi da fatalwa, ya dawo yana cewa shi ma zai iya, kuma nasa zai fi ban tsoro tunda da duwatsunmu da rijiyoyinmu zai yi shi. Idan ɗinki ya yi sauƙi sai ya ɗora littafi a kan keken ya yi ta rubutu. Tun kafin wannan rana mutane ba su sake da shi ba. Yana da yawan kallon mutum, ga tambaya: yaya gawar wane ta yi da aka tsamo ta daga tafki, wane irin kuka mujiya take yi a kan kuka. Nakan ji mata a wurin surfe suna cewa mai hankali ba ya tambayar irin wannan. Ni kuwa in an aike ni kai masa fura, sai na faki idonsa na karanta shafi ɗaya ko biyu. Ranar nan ɗauka na yi gaba ɗaya, bai sani ba.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Talatu. Cikin zafin jiki ta riƙa cewa rijiya tana kiranta. Yaran da suka saurari karatun suka faɗa a gidajensu, kafin la'asar magana ta game unguwa cewa tela ya rubuta yarinya a takarda ya kama kurwarta. Washegari na je rijiya da tuluna, matan da ke layi suka janye gugansu, wata ta jawo ɗanta ta goya alhali yana tafiya da ƙafarsa. A nan na fara jin abin da ban taɓa sani ba, wai maita a nono ake shanta. Nonon da Kawu ya sha shi Inna ta sha, ni kuma na sha na Inna. Na dawo gida ina satar kallon mahaifiyata tana tankaɗe, ina neman wata alama a fuskarta. Har bakina na riƙa dubawa a ruwan randa.

Ranar Lahadi da hantsi mahaifin Talatu ya zo da dattawa uku. Ba su yi hayaniya ba. Suka ce abin da suke roƙo kaɗai shi ne ya zo ya tsallake yarinyar, kamar yadda ake sa wanda ake zargi ya yi don ya saki kurwa. Inna tana bayan ƙyaure tana kuka, tana cewa kada ya je. Kawu ya ajiye zaren da ke hannunsa, sannan ya ce mata, “Yaya, in na tsallake na amsa sunan. In na ƙi kuma ta mutu, sunan ne dai, har da gawa a kai.” Ya sa takalmansa ya bi su. Na bi bayansu har tsakar gidan, na ga an shimfiɗe Talatu a tabarma, ya tsallake ta sau uku, kansa a sunkuye.

Da yammacin ranar mahaifinta ya ɗora ta a keke ya kai ta asibiti aka yi mata allura. Cikin mako guda ta miƙe. Ba wanda ya ƙara ambaton allurar. Abin da aka riƙe shi ne tela ya tsallake, yarinya ta tashi. Ɗinkin sallah na shekarar ko hula ba a kawo masa ba. Bai taɓa yi mini faɗan littafin ba. Sau ɗaya ya miƙo mini rake, na ce na ƙoshi, ya dube ni ya mayar da hannunsa. Bayan girbi ya ɗaure kekensa ya koma Gwiwa, inda ba a san shi da alƙalami ba. Littattafan da ya rubuta kuwa Inna ta hura wutar tuwo da su, guda bakwai.

Yanzu jikokina suna sauraron labaran aljanu da matsafa a waya, masu rubuta su har gaishe su ake yi a wurin biki. Nakan zauna kusa in kasa kunne, ban ji wanda ya kama ƙafar na Kawu ba. Ya rasu a Gwiwa ina gidan miji, ban taɓa ce masa ya yafe mini ba. Shafi ɗaya na rubutunsa ban tsira da shi ba.